Kanwa Da Citta Na Da Iyaka: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwarmu Kan Ciwon Ciki

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Mamobi a birnin Akra ya san yadda gari ke wayewa a zango. Tun kafin rana ta fito mai koko ta kafa tukunyarta, mai ƙosai na gefe, zuwa hantsi kuma layi ya koma wajen mai shinkafa da wake, wanda mutanen Gana suka mayar da sunansa waakye, a zuba taliya da gari da ƙwai, a kwarara shito mai yaji a kai. Ɗan kasuwa kuwa sau da yawa ba ya samun zaman cin ko ɗaya daga cikinsu. Da goro da shayi yake wuni, yana jiran mota ko yana jiran mai bashi, sai bayan sallar lisha ya zauna gaban malmalar tuwon zafi da miyar ayoyo, ya rama na safe da na rana a zama ɗaya, ya kora da lemo mai sanyi, sannan ya miƙe a kan tabarma. Tsakar dare sai ƙwannafi ya tashe shi, ciki ya kumbura kamar ganga, gyatsa mai tsami na tasowa har maƙoshi.

Wannan labari ba na mutanen Akra kaɗai ba ne. Haka yake a Aflawo da Paga da Bawku da Sinkase, haka yake a Malanbil da Gaya, haka kuma a Illela da Jibiya da Maigatari. Maganin da muke nema ma kusan iri ɗaya ne: a jiƙa kanwa a sha, a tauna citta ko kanumfari, a dafa na'a-na'a, a sha nono mai sanyi, idan abin ya ƙi a sayi kwalbar tsimi a tasha wadda mai ita ya rantse tana wanke dattin ciki, ta kashe basir, ta kuma ƙara ƙarfi.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, magungunan gida gado ne mai amfani, kuma ba mu goyon bayan masu raina su. Amma kowane ɗayansu yana da inda ya tsaya, kuma rashin sanin wannan iyaka yana cin dukiyar 'yan kasuwarmu, wani lokaci har da rayukansu. Don haka muka ga ya dace mu baje su a faifai kamar yadda ake baje haja, a ware mai kyau, a ware mai algus.

Da farko ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin tumbi. Allah Ya halicce shi da wani ruwa mai tsananin tsami wanda ke narka abinci, sannan a bakinsa na sama akwai wata tsoka da ke aiki kamar marfi, tana hana ruwan nan komawa maƙoshi. Idan aka cika tumbi fiye da kima, ko aka ci abu mai maiƙo da yawa wanda ke daɗewa bai sauka ba, ko aka kwanta nan take, sai marfin ya saki, ruwan tsamin ya hau ƙirji. Wannan shi ne ƙwannafi. Wanda ya gane haka zai ga cewa maganin gida mafi ƙarfi ba a sayen sa da sidi ko sefa ko naira. A raba abinci kashi uku ko huɗu a wuni maimakon zama ɗaya, a ci a hankali a tauna sosai, a bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado da bulo ko katako, a kwanta ta gefen hagu idan ƙwannafin ya matsa, a sassauta ɗamara, mai teɓa kuma ya rage ta. Likitoci a ko'ina da wannan suke farawa kafin su rubuta ƙwaya. A watan azumi ma hukuncin ɗaya ne: wanda ya haɗa ƙosai da kunu da soyayyen nama da shinkafa a cikin rabin awa bayan shan ruwa, shi ya gayyato abin da zai hana shi tsayuwar dare.

Citta tana cikin abubuwan da binciken zamani ya yarda da su. Tana rage tashin zuciya, tana kuma taimaka wa tumbi ya sauke abinci da wuri. Ba banza ba iyayenmu mata suke zuba ta a koko tare da kanumfari da masoro. Ɗan yanki a ruwan zafi bayan cin abinci ya wadatar, domin idan ta yi yawa ita ma tana ƙona ƙirji. Tsamiya tana sassauta ciki ga wanda bayan gida ya yi wa tauri, ruwan ɗumi da ɗan tattaki bayan cin abinci suna rage kumburi. Waɗannan duk ba mu da ja a kansu, ga mai lafiya wanda ciki ya ɓaci na kwana ɗaya ko biyu.

Sai kuma masu daɗin baki, waɗanda ke ba da sauƙi yanzu su karɓe shi anjima. Nono da madara suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma maiƙo da sinadaran da ke cikinsu suna sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsami daga baya, shi ya sa mai shan madara da dare yake sake farkawa da asuba da zafin da ya fi na farko. Na'a-na'a tana da amfani ga mai iska da murɗawar hanji, amma tana sassauta marfin nan da muka ambata, don haka mai ƙwannafi ƙara masa take yi. Lemo mai gas yana sa gyatsa, mutum ya ɗauka abinci ne ya sauka, alhali iskar da ya sha ce ta fito. Goro kuwa, wanda fataucinsa ne ya kawo kakanninmu Gwanja da Salaga tun farko, yana ɗauke da sinadarin kafin irin na kofi da shayi mai kauri, yana kashe yunwa ya kuma tayar da ruwan tsami a tumbin da babu komai a cikinsa. Ba mu ce a daina cin goro ba, mun san ba za a ji ba. Muna cewa ne kada ya zama shi ne karin kumallo. Taba sigari ita ma tana sassauta marfin, tana kuma hana gyambo warkewa.

Yanzu bari mu zo kan kanwa, uwar gami. Ɗaruruwan shekaru fatake suna ɗauko ta daga yankin tafkin Cadi da ƙasar Manga da Dallol Boso a Nijar, su kai ta har ƙasar Asante su dawo da goro. Har gobe tana cikin tukunyar wake da miyar ayoyo da kuɓewa a kowane zango. Gaskiya ne tana kashe ƙwannafi nan take, domin 'yar uwar sodar da ake sa wa burodi ce: idan ta haɗu da ruwan tsamin tumbi sai ta kashe kaifinsa, iska ta taso, a yi gyatsa, a ji sakayau. Matsalar ita ce kanwa cike take da sodiyam, wato sinadarin da ke sa gishiri ya tayar da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wanda ya yi daidai da giram 2 na sodiyam, alhali ƙaramin cokali ɗaya na soda ya haura rabin wannan adadi shi kaɗai. Ita soda ma an auna ta a masana'anta. Kanwa kuwa dunƙule ce daga ƙasa, wata ta fi wata ƙarfi, wata da yashi da ƙasa a jikinta, kuma da ido ake ɗiban ta. A lissafa da gishirin miya da dunƙulen magi da kifi mai gishiri da aka riga aka ci a wunin.

Akwai darasi daga Zariya. A shekarun 1970, likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry wanda daga baya ya shugabanci makarantar koyon likitanci ta Kumasi, sun lura da yawan mata masu jego da zuciyarsu ke gazawa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta abin da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego har kwana arba'in, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin wasu sinadarai a abinci, amma babu likitan da ke musun cewa yawan sodiyam nauyi ne a kan zuciya da ƙoda. Saboda haka mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mace mai ciki ko jego, su bar jiƙon kanwa kwata-kwata. Wanda kuma ya ga kullum sai ya jiƙa ta kafin ya yi barci, ya sani cewa ba warkewa yake yi ba, bakin ciwon kawai yake toshewa.

Wane ciwo ne ake toshe wa baki? Sau da yawa gyambon ciki ne, wanda muka fi sani da olsa. A kasuwa an ɗauka yunwa ce ko yaji ko yawan tunani ke kawo shi. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin wannan fahimta, har zuwa 1982 lokacin da wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori da ke zama a bangon tumbi. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar da kansa, ya kamu da kumburin tumbi cikin 'yan kwanaki. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Tun 1994 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 70 cikin 100 a Afirka na ɗauke da ita. Galibi ana ɗaukar ta ne tun yarinta, a gidaje masu cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta, kuma duk wanda ya san lungunan Nima ya san ba mu kuɓuta daga wannan ba. Yawancin masu ita ba za ta taɓa damun su ba, amma wajen ɗaya cikin goma tana yi masa gyambo.

Abin farin cikin shi ne ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kimanin kwana 14 wanda likita zai rubuta, a sha shi har ƙarshe ko da an ji sauƙi a kwana na uku. Citta ba ta kashe ta, kanwa ba ta kashe ta, zuma da madara ma haka. Wanda ke shan omeprazole da ya saya a kemis ya gaya wa likita kafin gwaji, domin maganin na iya ɓoye ƙwayar, akan so a dakatar da shi mako biyu tukuna.

Sababi na biyu na gyambo yana cikin aljihun kusan kowane direba da ɗan dako da mai tura baro: ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, musamman haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwali. Suna sauke gajiya, amma suna cinye rigar da ke kare bangon tumbi, ballantana a sha su da shayi a cikin da ba abinci.

Mun san wani dattijo mai fataucin albasa daga yankin Galmi zuwa Akra, tun ana sauke kaya a Agbogbloshie har aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku a 2021. Kwanaki yake yi a kan hanya, da goro da ƙwayar ciwon baya yake tafiya, da dare ya jiƙa kanwa. Shekara biyu yana haka, ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ya ce basir ne, ya ƙara da kwalbar tasha. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gindin mota, jini yake amai. An yi masa ƙarin jini, ya yi makonni a kwance, albasa kuwa ba ta jiran mai ita, rabin lodin ya ruɓe. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma jarin da ya tara a shekaru bai dawo ba har yau. Kuɗin gwajin da ya guje wa bai kai kuɗin buhu ɗaya ba.

Game da kwalaben tasha, kada a ce muna yaƙi da maganin gargajiya. Gana na cikin ƙasashen da suka fi girmama shi a Afirka. Tun 1975 aka kafa cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem bisa jagorancin Dakta Oku Ampofo. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta tsara sana'ar masu maganin gargajiya, a 2001 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta fara ba da digiri a fannin, kuma tun farkon shekarun 2010 aka buɗe sassan maganin itatuwa a wasu asibitocin gwamnati. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta wajabta wa duk mai sayar da magani, na Bature ko na gargajiya, ya yi masa rajista da hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA, tallarsa ma sai da izininta. A Nijeriya hukumar NAFDAC ke wannan aiki tun 1993. Ke nan mai maganin kirki yana da ƙofar da zai bi. Wanda ya ƙi bin ta, ya zuba ruwa mai launi a tsohuwar robar ruwa, babu suna, babu adireshi, babu ranar lalacewa, babu awo, ya kuma ce maganin cuta goma sha biyu ne, mai saye ya tambayi kansa: da atamfa ce aka kawo masa haka ba tambari, zai biya? Yawancin abin da ake kira wankin ciki ganye ne mai sa zawo irin filasko. Zawo ba ya warkar da gyambo, sai dai ya tsotse ruwan jiki ya wahalar da ƙoda.

A nan akwai magana ta musamman ga 'yan uwanmu masu ɗauko magunguna suna tsallaka iyaka da su. Maganin ƙwannafi mai suna ranitidine, wanda aka fi sani da Zantac, ya yi shekaru yana cikin waɗanda aka fi saye a duniya, amma a 2020 hukumomin Amurka da na Turai suka janye shi daga kasuwa saboda an samu wani gurɓataccen sinadari mai iya jawo kansa a cikinsa, wanda ke ƙaruwa idan maganin ya daɗe ko ya sha zafi. Duk wanda aka kawo wa tsohon kwalinsa da araha ya san abin da ake son a sauke masa. Magani ba tufafi ba ne da za a shanya a rana a kan tire. Wanda zai sha, uban wani ne, watakila ma naka.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma tana da nauyi. Za a ce asibiti layi ne, wuni guda ya tafi, ranar Laraba kuma ba mai barin kasuwar Nima ya je ya zauna a benci. Za a ce gwaji kuɗi ne, baƙo daga Tawa ko Sakkwato ba shi da katin inshora, ba ya jin Turanci ko Tuwi, ga tsoron a tambaye shi takardu. Duk gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin ƙaramar asara da babba. Babban asibitin Mamobi yana nan cikin unguwa, asibitin sojoji na 37 na kusa, Korle Bu na nan ga abin da ya yi tsanani, kuma a zango ba a rasa mai jin Hausa da zai raka baƙo. Ga mazauna Gana akwai inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003, ana ma sabunta katin ta wayar hannu tun 2018. Da yawa cikinmu sai ciwo ya kwantar da su suke tuna katin ya mutu.

Ga ƙa'idar da muke ba da shawara a riƙe. Idan ɓacin ciki ko ƙwannafi ya wuce mako biyu ana maganin gida bai tafi ba, ko yana tafiya yana dawowa, to lokacin gwaji ya yi. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: aman jini ko amai mai kama da garin kofi, bayan gida baƙi kamar kwalta, abinci na tsayawa a ƙirji wajen haɗiya, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, jiri da ɗashewar ido da tafin hannu, ko ciwo mai tsanani da ya sa ciki ya yi tauri kamar katako. Wanda ya haura shekara 55 ya fara wannan matsala sabuwa, shi ma ya ga likita. Mafi haɗari duka shi ne nauyi ko zafi a ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, tare da gumi da ƙarancin numfashi. Wannan na iya zama bugun zuciya da ya yi shigar ƙwannafi, kuma mintunan da za a ɓata wajen jiƙa kanwa su ne na ceton rai. A Gana a kira lamba 112, ko a sa shi a mota nan take.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu na Tulaku da direbobi. Kamar yadda ake tara kuɗin ƙungiya don biki da rasuwa da belin kaya a kan iyaka, a ware wani abu don gwajin lafiya, a gayyato ma'aikatan jinya su zo kasuwa su auna jini ko da sau biyu ne a shekara, a kuma naɗa matasa biyu ko uku da za su riƙa raka baƙi asibiti. Shugabannin tasha su hana tallar kwalbar da ba ta da lambar rajista a harabarsu. Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda muka san akwai su da yawa a Nima da Mamobi da Sabon Zango, su yi wa kayansu rajista, su kuma riƙa cewa mai aman jini ya wuce asibiti, wannan zai ƙara musu daraja ne. Hukuma kuma ta riƙa yin faɗakarwarta da Hausa a gidajen rediyo da tashoshin iyaka, domin a can ne kayan ke shigowa. Iyayenmu mata masu abinci, a rage hannu wajen kanwa da gishiri da magi.

Citta da kanumfari su ci gaba da zama a jakar matafiyi, mu ma suna cikin tamu. A dai riƙa ƙirga kwanaki, idan sun kai goma sha huɗu a rufe rumfa na wuni ɗaya a je a duba. Lafiya uwar jiki, kuma ita ce jarin da ba a ranto shi a wajen kowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwa, amin.